Yaƙin Rabeh a Siton Banda

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Mun daɗe muna koya wa ɗalibai wannan karin magana, muna feɗe ta a kan allo, muna nuna musu sigarta da hikimarta, amma ba mu san nauyinta ba sai a shekarar 2022, a cikin wani sito da ke Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri. A nan ne mu da wasu abokan aiki da ɗalibai muka shafe wata biyar muna gina Tafkin Chadi da ƙasar da ke kewaye da shi da kwali da laka, domin mu yi wasan yaƙi a kai. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin adabi da kwaɓa laka, me kuma ya kai wasan yaƙi kasuwar kifi? Sai a biyo mu a hankali, domin abin ya faro ne kamar wasa, ya zo ya ƙare a inda ba mu zata ba.

Mafarin Al'amarin

Daga aji maganar ta taso. A darasin adabin baka mukan kawo labaran yaƙin Rabeh, waɗanda tsofaffi ke bayarwa a ƙasar Borno da maƙwabtanta. Ɗalibanmu sun haddace cewa Rabeh ya fito daga ƙasar Sudan, ya ci Bagirmi, ya shigo Borno a 1893, ya karya rundunar Shehu Hashimi, ya ƙone Kukawa, ya kafa mazauninsa a Dikwa, daga bisani Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Wata rana muka ce wani ya tashi ya nuna mana da hannu, in mutum yana tsaye a Kukawa, ta wace fuska Dikwa take? Ajin ya yi tsit. Wanda ya yi ƙarfin hali ya miƙe sai ya nuna yamma, alhali kuwa Dikwa tana kudu ne, ta ɗan karkata gabas. Nan muka gane cewa sunayen garuruwan nan a bakinsu kawai suke, ba su da mazauni a zukatansu.

Da muka kai wa wani abokin aikinmu masanin tarihi wannan kuka, sai ya ba mu labarin wasan dabarun yaƙi na Turawa. Ya ce a ƙasar Furushiya, wadda yanzu take cikin tarihin Jamus, wani mutum mai suna Reisswitz ya ƙirƙiro wasan da ake yi a kan tebur mai siffar ƙasa, da tudu da kwari da rafi. Ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya gyara ƙa'idojin ya gabatar da su a 1824, har rundunar ƙasar ta karɓi wasan tana horar da hafsoshinta da shi. A 1913 kuma marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa littafin Little Wars, inda ya fitar da wasan daga bariki ya kai shi ɗakunan farar hula. Tun daga nan masu sha'awa suke haɗuwa ƙungiya-ƙungiya, su gina filin daga da hannunsu, su jera 'yan sojoji na dalma ko na roba, su sake buga yaƙin da aka yi shekaru aru-aru.

Ko kusa abin bai zo mana a baƙo ba. Bahaushe yana da dara, wadda ita ma kai hari ce da tsare gida. A fadar Borno an yi wasan tsatsarandi, mai sarki da doki da dakaru a kan allo. Ban da haka, wane ne a cikinmu bai hau dokin kara ba yana yaro, ko bai ƙera motar langa-langa ba, ko bai gina gari da jiƙaƙƙen rairayi bayan an ɗauke ruwa ba? Saboda haka muka ƙulla niyyar gina taswira mai tudu da kwari, babba, wadda ɗalibi zai tsaya a gefenta ya ga tafiyar Rabeh da idonsa, ya kuma gwada ko da shi ne Shehu yaya zai tare shi.

Niyya ta samu, lokaci ne babu. Sai ga yajin aikin malaman jami'o'i da aka shiga ranar 14 ga Fabrairu, 2022, wanda ya ɗauki wata takwas cur. Zaman gida ya ishe mu, ya ishi ɗalibanmu mazauna cikin gari. Bayan ƙaramar Sallah, a watan Mayu, muka haɗu mu goma sha uku: malamai uku, ɗalibai tara, da kafinta ɗaya wanda ya ce ba ya son lada, so yake kawai ya ga ƙarshen haukan 'yan boko.

Sito da Sharaɗinsa

Kwali ne ya fara kai mu kasuwar, domin a cikinsa ake ɗure banda, kuma yagaggensa ba ya tsada. Wanda bai taɓa shiga wannan kasuwa ba, hancinsa ne zai fara gaya masa ya iso. Ga tarwaɗa an naɗe ta kamar gammo, ga karfasa, ga bargi, ga kurungu, duk hayaƙi ya mayar da su baƙi wuluk. Leburori na ɗaure kwalaye da igiya, ana loda wa manyan motoci masu zuwa Anacha da Inugu da Legas. Kasuwar ta ari sunan garin Baga ne, mai nisan kusan kilomita 200, domin hanyar da ta ratsa gabanta ita ce ke bi ta Gajiganna da Monguno da Kuros Kauwa har bakin tafki.

Mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibanmu, wani dattijo dillalin kifi, shi ya ara mana sito. Ya ce a da har bakin rufi yake cika shi, amma tun shekarun da sojoji suka hana jigilar kifi daga tafki, don kada kuɗinsa ya faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, cinikinsa bai koma yadda yake ba. Muna murna mun sami wuri, sai ya ja mu gefe ya ce, "Malam, kada ku buga ko ƙusa ɗaya sai kun gaida shugabannin kasuwa da masu tsaro." Ya yi gaskiya. Kasuwar nan ta ga harbe-harbe a 2012, ta ga tashin bama-bamai a 2015, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Wani matashi ɗan ƙato da gora ya saurari bayaninmu har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. A garin nan mai zana taswirar tafki ɗayan biyu ne, ko soja, ko wanda soja ke nema." Bayan doguwar shawara aka yarje mana bisa sharaɗi guda: ƙofar siton za ta kasance a buɗe muddin muna ciki, kowa ya ga dama ya leƙo. A ranar mun ɗauki sharaɗin a matsayin takura. Ashe shi ne zai sauya aikin baki ɗaya.

Yadda Muka Yi Ginin

Kafinta ya haɗa mana falle shida na katakon filawud, kowanne ƙafa 8 da ƙafa 4, aka jera su a kan benci suka ba da fili mai tsawon ƙafa 16 da faɗin ƙafa 12. Muka ƙayyade cewa kowace santimita 2 tana madadin kilomita 1. Da wannan awo Maiduguri ta faɗo a kusurwar kudu maso yamma, Kusuri da mahaɗar kogin Shari da Lagone suka faɗo can gabas, Kukawa da bakin tafki suka zauna a arewa. Da yake hannu ba ya kai wa tsakiya, sai muka tanadi doguwar gora mai ƙugiya a baki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muka raba aiki. Masu lissafi suka zana layuka a kan katako suna kwafo taswira gida-gida. Wasu suka yanka kwali suna ɗora wani kan wani inda ƙasa ta ɗan tasa. Sai dai ƙasar Borno shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, har sai da muka ƙara wa tuddan rairayi na arewa tsayi fiye da gaskiyarsu kafin ido ya gan su. Masanin tarihinmu bai so ba, ya ce wannan ƙarya ce. Mu kuwa na adabi muka ce masa kambamawa ce, kuma halal ce a fanninmu. Aka yi dariya aka wuce.

Kwaɓin farko asara ya zama. Zafin watan Mayu ya busar da lakar cikin yini ɗaya, ta ɗaɗɗare ta ɓanɓaro daga jikin kwali. Muka koma haɗa ta da kunun sitaci, sai ɓeraye da kyankyasai suka mayar da Dikwa wurin walima. Wani lebura da ya taɓa aikin gini ne ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonmu, ya ce mu zuba dusar katako da yankakkiyar ciyawa a cikin kwaɓin, mu shafa shi siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya, mu kuma rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ya bushe a hankali. Muka bi maganarsa, gini ya zauna. Daga baya muka jiƙa ƙaro muka shafe saman, muka barbaɗa rairayi tun bai bushe ba. Wajen Dikwa da Ngala da Marte kuwa, inda baƙar lakar nan ta firki take, da gangan muka bar ta ta tsattsage, domin haka take yi da rani bayan an girbe masakwa. Da damina kuma ita ce ke riƙe ƙafar doki, abin da duk mai son fahimtar yaƙe-yaƙen wannan yanki ya kamata ya sani.

Kukawa ta ci mana mako biyu. Shehu Laminu ne ya kafa ta a 1814, kuma matafiya irin su Barth, wanda ya iso ta a 1851, sun tarar da ita gari biyu ne masu ganuwa, na gabas na sarauta, na yamma na talakawa, da fili a tsakani. Da kwalin ashana muka yi gidajenta, muka yi ganuwa da laka. Ɗalibai mata suka gina dawaki 120, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, suka gasa su a murhun wata mai tuya. Tutocin rundunar Rabeh daga ƙyallayen tela suka fito, igwa kuma daga bututun biro. Ƙauyuka kuwa, da yake suna da yawa kuma ba mu da tabbacin sunayensu na wancan zamani, sai muka kife murafan kwalaben lemo a madadinsu, ba suna, ba komai.

Ina Bakin Ruwa Yake?

Gardama mafi zafi a kan ruwa aka yi ta. Mun sayi tsohuwar koma mun rina ta da bula domin ta zama tafki, muka shimfiɗa ta yadda wata taswira ta nuna. Dattijon da ya ara mana sito ya shigo, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Malam, wannan ruwan na wace shekara ne?" Muka rasa amsa.

Gaskiyarsa ce, domin Tafkin Chadi ba shi da baki ɗaya tabbatacce. Ba shi da zurfi, kuma mafi yawan ruwansa kogin Shari ne ke kawo shi daga kudu, saboda haka in damina ta yi kyau a can sai ya malala, in ta gaza sai ya janye. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1980 ya cinye mafi yawansa, har ya rabu biyu, kwarin arewa da na kudu, da wani tudu a tsakani wanda ya taso daga wajen Baga ya nufi Baga Sola ta ƙasar Chadi. Dattijon ya ce da ƙuruciyarsa a gindin gari ake ɗaure kwalekwale. Daga baya sai an tafi Doron Baga, daga baya kuma inda ya taɓa jefa birgi ya koma gonar wake da masara.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa malamai sun kawo tafki cikin sito. Masunta da dillalai da direbobi, waɗanda da yawansu rikici ne ya koro su daga bakin ruwa, suka riƙa shigowa bayan la'asar. Wannan ya ja koma gaba, wancan ya mayar da ita baya, kowa yana rantsuwa a kan nasa. A ƙarshe muka bar ta ba mu manne ta ba, kowa ya shimfiɗa ruwan shekarar da yake magana a kai. Su ne kuma suka raɗa wa murafan nan suna. Suka ce wannan Baga ce, wannan Doro, ga Daban Masara, ga Duguri, ga Tumbun Gini, can kuma Darak, wadda ta koma hannun Kamaru bayan hukuncin kotun duniya na 2002. Muka yi ta ƙoƙarin fahimtar da su cewa taswirar ta 1893 ce, amma ina! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka ƙyale su, muna ganin ba abin da zai ɓata.

Saura ƙa'idojin wasa. Turawa da ƙwayar ludo suke yanke hukuncin arangama, mu kuma muka yi tunanin watsa wuri. Wani malamin allo da ke da rumfa kusa da mu ya ce in aka ga dattawa sun kewaye tebur suna watsa wuri, sunan abin caca, ko da kuwa Rabeh ne da kansa ya zo kallo. Masanin tarihinmu ya tuna cewa su ma Jamusawan, a 1876, wani hafsa mai suna Verdy du Vernois ya kawo salon da ya jingine ƙwaya, ya bar hukunci a hannun alƙali masani. Muka ɗauki wannan. Kowane ɓangare zai rubuta umurninsa a takarda, alƙali ya duba nisa da yanayin ƙasa da yawan bindiga da doki, ya faɗi abin da ya auku.

Ranar Wasa

Wata Asabar a watan Satumba muka sa rana. Siton ya cika har waje. Ɗalibai huɗu suka riƙe rundunar Shehu, huɗu suka riƙe ta Rabeh, ƙarƙashin wani yaro mai kaifin basira, marar yawan magana. Tun daga farko ya nuna ya fahimci abin. Ya ƙi yarda ya gamu da dawakin Borno a fili, ya ja su cikin firki inda bindiga ta fi doki amfani. Masu kallo suka riƙa sowa kamar ana dambe. Da guzurin rundunarsa ya yi ƙasa, sai ya rubuta wa alƙali cewa ya tura tuta biyu su bi bakin tafki su ci ƙauyukan da ke wurin su kwaso hatsi. Alƙali ya auna, ya ce an ci. Yaron ya miƙa gora ya ƙwamuso murafai uku, ya jefa su cikin wani kwano da muka ajiye domin abin da ya fita daga wasa. Ƙarar faɗawarsu a kwanon har yanzu tana kunnenmu.

Sai wata dattijuwa mai sayar da banda, wadda kowa ke kira Inna, ta ratso mutane ta zo ta sa hannu a kwanon ta ɗauko murfi ɗaya. Shi ne wanda 'yan kasuwa suka raɗa wa Baga. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube mu ta ce, "Malam, to mutanen garin fa? Ina kuka sa su?"

Muka fara yi mata bayanin cewa wannan yaƙin na zamanin kakanni ne, kuma murfi alama ce kawai. Ba ta saurare mu ba. Ta mayar da murfin gurbinsa, ta ɗora yatsa a kai, ta ce ranar Asabar ce kamar yau, 3 ga Janairu, 2015, da asuba suka ji harbi daga wajen barikin sojojin haɗin gwiwa. Ta ja yatsan cikin koma, ta ce ta nan ƙannen mijinta suka bi da kwalekwale zuwa tsibiran Chadi, biyu sun isa, ɗaya har yau ba labari. Ta dawo da yatsan ta ja shi kudu a kan rairayin da muka barbaɗa, ta ce ita ta nan ta bi da jikoki uku, ba ta kan titi ba, ta cikin daji, kwana uku kafin su ga Monguno. Muka dubi tazarar. A kan taswirarmu ba ta kai kamu uku ba, kuma a ƙa'idar da muka rubuta da hannunmu, mahayi yana cinye ta a motsi biyu.

Babu wanda ya ce uffan. Mu da muke taƙama da digiri a kan magana, muka nemi kalma ɗaya muka rasa. Wata biyar muna aiki, mun ƙera doki da tuta da igwa, mun auna ganuwa, mun yi gardama a kan tsayin tudu, amma ko sau ɗaya bai faɗo mana a rai mu ƙera masunci ko mace mai goyo ba. Kuma a tsakiyar su muke zaune duk tsawon wannan lokaci, su ne ma suka koya mana kwaɓa lakar.

Abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne yaron da ya riƙe rundunar Rabeh. Ya ajiye gora ya fita. Muka same shi a bayan sito yana share ido. Muna shirin rarrashinsa cewa ba laifinsa ba ne, sai ya ce, "Malam, ni ma daga can muka gudo. Ina aji biyu na sakandare." Muka tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba, me kuma ya sa ya zaɓi ɓangaren maharan. Ya ce shekara bakwai ke nan yaƙi yana juya shi yadda ya ga dama, ya kai shi sansani, ya kai shi gidan dangi, ya raba shi da abokai. So yake, ko da na yini ɗaya ne, a ce gorar tana hannunsa. Ba mu ga ta inda za mu ce Inna ta yi kuskure ba, ba mu kuma ga ta inda za mu ce shi ya yi ba.

Bayan Haka

Washegari Inna ta aiko mana da mudun wake, ba tare da wani saƙo ba. Muka yi shawara muka sauya ƙa'ida. Ƙarƙashin kowane murfi muka zuba ƙwayar wake goma. Duk wanda ya ci gari, ba zai jefa komai a kwano ba. Wajibi ne alƙali ya fito da waken ya bi da su hanya, suna tafiyar ƙafa, suna tare wa runduna hanya, suna buƙatar ruwa da abinci a duk garin da suka sauka. Da muka sake bugawa, wasan ya yi nauyi ƙwarai. Kafin Rabeh ya hango ganuwar Kukawa, hanyoyi sun cika da wake, hatsin garuruwan da ba a taɓa ba ma ya ƙare, magariba ta yi ba wanda ya yi nasara.

Ba kowa ne ya ji daɗin haka ba. Wasu ɗalibai suka ce mun kashe wasan, domin wasa dole ya rage wani abu daga gaskiya, in ba haka ba ya tashi daga wasa, kuma mai dara ba ya tambayar ina iyalin ɗan da aka ci. Wasu suka ce sai yanzu ne taswirar ta fara faɗin gaskiya. Har yau ba mu daidaita ba, kuma ba mu ga alamar za mu daidaita nan kusa ba.

Mu dai abin da muka ɗauko muka kai aji ya shafi harshenmu ne. Bahaushe yakan ce sarki ya ci gari, kamar yadda yake cewa ya ci tuwo, kuma ba a tambayar tuwo yadda ya ji. In mai ba da labari ya zo kan talakawa sai ya koma ga lamirin da ba ya nuna kowa: aka ƙone, aka kwashe, aka watse. Sarki da barde suna da suna da kirari, har dokinsu ma wani lokaci an san launinsa, amma dubban mutane sukan shige cikin wannan 'yar kalma ta "aka" su ɓace, yadda murfi ya faɗa kwano. Shekara da shekaru muna karanta irin waɗannan jimloli a gaban ɗalibai, muna yaba gajartarsu da ƙarfinsu. Yanzu in muka iso kansu mukan dakata mu ce, su wa aka kwashe, kuma ina suka kwana a daren? Sau da yawa littafi ba ya amsawa. To amma a kusan kowane aji da muka shiga a garin nan akwai wanda zai iya amsawa daga abin da ya gani, in har ya ga za a saurare shi.

An janye yajin aiki ranar 14 ga Oktoba, 2022, kowa ya koma bakin aikinsa. Mun so mu ɗauke taswirar mu kai ta jami'a, amma dattijon ya ce a bar masa ita, ai ba ta tare masa komai ba. Da muka leƙa bayan wasu watanni, mun tarar gara ta cinye kusurwar Kusuri, yara sun kwashe rabin dawakin, ɓeraye kuma sun gama da waken, an maye gurbinsa da tsakuwa. Murafan kuwa suna nan, har an ƙara wasu da ba mu muka sa ba. Mun sami mutum uku tsaye a kanta suna musu a kan ta inda ruwa ya biyo a shekarar da aka haifi ɗayansu, kowa yana jan koma wajensa. Ba su lura da shigowarmu ba, mu ma ba mu katse su ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.